Tarihin Rayuwar Douglas Clark, Kashi na Uku: Aikin Ɗan Gaba da Wasan Sidni

A makon jiya mun tsaya inda Douglas Clark ya baro ƙauyensu Ellenborough da ke yankin Cumberland, inda yake taya mahaifinsa dakon kwal, ya koma ƙungiyar zari-ruga ta Huddersfield a 1909 yana ɗan shekara 18. Kafin mu bi shi Ostireliya, ya kamata mai karatu ya san irin aikin da aka ɗauke shi ya yi, don wanda bai san wahalar ɗan gaba a zari-rugar wancan zamani ba, ba zai gane darajar mutumin nan ba.

Shekara uku kafin zuwansa, a 1906, hukumar Northern Union mai kula da wasan a arewacin Ingila ta rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13. 'Yan gaba biyu aka cire, suka koma shida, amma aikin bai ragu ba. Kusan duk sanda ƙwallo ta fita fili ko ta kuɓuce wa wani ta yi gaba, sai a kafa sikiram, wato turereniyar da 'yan gaban ɓangarorin biyu ke yi a sunkuye. Uku a sahun farko, na tsakiyarsu shi ke janyo ƙwallo da ƙafa. Biyu a bayansu sun cusa kai tsakanin ƙugunan na gaba. Sai na shida a can ƙarshe, shi ne ke riƙe sahun kada ya watse, shi ne kuma farkon ballewa idan ƙwallo ta fito. A sahun bayan nan Clark ya yi suna. A lokacin da gaske ake tura juna, ba wasa-wasa ba. Bayan mutum ya zama a miƙe, kafaɗa ba ta gangara ƙasa da ƙugu ba, ƙarfin turawa kuma daga cinya yake fitowa. Wanda ya ɗaga kai za a tashe shi tsaye, wanda ya dulmiya kai ƙasa sikiram ya rufta a wuyan 'yan sahun farko. Na ƙarshen nan kuwa, in ya yi gaggawar ballewa ya bar mutum biyar suna ture shida, in ya yi jinkiri abokin hamayya ya riga ya wuce ta gefensa.

A nan kokawar Cumberland ta yi masa rana. A irin kokawarsu, mutum biyu kan rungumi juna ƙirji da ƙirji, kowa ya haɗe hannayensa a bayan ɗan'uwansa, haɓa a kan kafaɗar dama. Duk wanda riƙonsa ya kwance, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ya faɗi. Wanda ya tashi cikin wannan ya san inda nauyin mutum yake, ya san yadda ake juya shi da ƙugu. Shi ya sa in Clark ya cafke mai ƙwallo, hannayen yake haɗawa da jiki, ba damar miƙa wa wani.

Kuma ba a canjin ɗan wasa. Minti 80 cur, wanda ya ji rauni ya fita, 'yan'uwansa su ƙarasa a haka.

Huddersfield ta lokacin, ƙarƙashin kyaftin Harold Wagstaff, ba ta yarda ɗan gaba ya tsaya ga tura kaɗai ba, sai ya iya gudu da karɓar ƙwallo. A wasan ƙarshe na gasar 1913 sun lallasa Wigan da ci 29 da 2, Clark shi kaɗai ya dire ƙwallo bayan layin abokan hamayya, wato ya ci maki, har sau uku. A ganina wannan ne ya fi nuna ko wane ne shi, don a zamanin ba a saba ganin haka daga ɗan gaba ba.

Sai tafiyar 1914 zuwa Ostireliya, Clark na cikin tawagar. Tawagar Birtaniya ta ci wasan farko ranar 27 ga Yuni da 23 da 5, Ostireliya ta rama ranar 29 da 12 da 7. Masu masauki suka matsa a yi na uku ranar 4 ga Yuli a Sidni, wasa uku ke nan cikin kwana takwas, ga 'yan wasa da dama na jinya. Shugabannin tawagar suka ƙi, amma saƙon waya ya zo daga Ingila cewa a buga.

Tun kafin hutun rabin lokaci Clark ya karya babban yatsan hannu. Aka ɗaure, ya ci gaba. Bayan an dawo ya faɗi a kan kafaɗarsa, ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya samu mummunan rauni. Wannan ƙashi shi ke tokare kafaɗa; in ya tafi, hannu ba ya ɗaguwa, balle a sa kafaɗar cikin sikiram mutum shida na dannowa. Duk da haka aka naɗe shi, ya gwada komawa har sau biyu, ya kasa, ya fita yana hawaye. Frank Williams ya fita da ciwon ƙafa, Billy Hall ya bugu a ka. Mutum 10 suka rage a gaban 13, saura kusan rabin sa'a a tashi.

Dole Wagstaff ya ciro Arthur Johnson daga cikin 'yan gaba ya tura shi gefe, sikiram ɗinsu ya ƙara rasa nauyi. Johnson ɗin ne ya karɓi ƙwallo daga Wagstaff, ya ajiye ta ƙasa ya dinga gangara ta da ƙafa har ya dire bayan layi. Aka tashi 14 da 6, Birtaniya ta ɗauki jerin wasannin.

Wata guda bayan haka Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. A mako mai zuwa za mu ga kakar 1914 zuwa 1915, wadda Huddersfield ta kwashe kofuna huɗu, da yadda Clark ya bar filinsu na Fartown ya tafi fagen daga.