Tamanin da Takwas

A unguwar da nake haya, kan wani tudu kudu da Sant Joj, babban birnin Girenada, babu mai ce mini Dakta. Yaran da ke buga kurket a tsakiyar titi, da kwandastan bas mai lamba ɗaya, da matar da ke kasa ayaba a bakin hanya, duk Tamanin-da-takwas suke kira na, da Turancinsu mai kama da waƙa. Ina amsawa kuwa, don ni na saya da kuɗina.

A Janairun 2024 na sauka Girenada, na zo koyar da ɗaliban likitanci. Kafin in taso sai da bakina ya gaji da yi wa Hajiya bayani. Ta ce, "Kanada?" Na ce a'a, Girenada, wani tsibiri ne a yankin Karibiyan. Ta ce to, Allah Ya tsare. Har yau idan maƙwabta suka shigo gaishe ta a Tudun Wada, cewa take yi Babangida yana Kanada, ni ma na daina gyarawa. Iyalina na bar su a gida da niyyar su biyo ni bayan wata shida. Wata shidan nan har yanzu ba su cika ba.

Mai gidan da nake haya tsohuwar malamar firamare ce, ta haura saba'in, ita a sama ni a ƙasa. Mama nake ce mata, don bakina ba zai iya kama sunan sa'ar mahaifiyata gatsau yadda mutanen nan ke yi ba. Mako na biyu da zuwana ta aiko mini da abincinsu na ƙasa, oyil dawun, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da kurkum da wani ɗan itace mai kama da doya. Na buɗe kwanon na ga wutsiyar alade. Na rasa yadda zan yi, ga kunya ga yunwa, daga ƙarshe na hau sama na faɗa mata gaskiya. Ba ta ce uffan ba. Ranar Asabar sai ga sabuwar tukunya fil, ta dafa mini nawa da busasshen kifi, ta ce wannan tukunyar tawa ce, ba abin da zai shiga cikinta sai abin da addinina ya yarda da shi. Da azumi ya kama kuwa, kullum kafin magariba zan tarar da mangwaro ko ruwan kwakwa a bakin ƙofa. Na faɗi wannan ne don a san irin matar da na yi wa abin da na yi.

Cikin azumin nan, ƙarshen Maris, ta ja ni filin wasa na Kirani James kallon gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Karifta, wadda yara 'yan ƙasa da shekara 17 da 'yan ƙasa da 20 daga duk tsibiran yankin ke yi. Ni dai ƙishirwa ce ta dame ni, ga rana ga kiɗa. Amma na lura da abu ɗaya: tsofaffin da ke gefenmu sun san yaran nan ɗaya bayan ɗaya, ɗan wane ne, wace makaranta yake, sakan nawa ya yi bara. Kamar yadda a gida ake sanin ɗan dambe da ubangidansa da garinsu.

Ranar 1 ga Yuli guguwar Beryl ta faɗa wa Kariyaku, ƙaramin tsibirinsu da ke arewa, ta kwashe rufin kusan kowane gida. Mu a kudancin babban tsibiri abin ya zo mana da sauƙi. Ƙanwar Mama tana can, gidanta ya zama fili. Kamar mako biyu bayan haka muna zaune a barandarta da yamma, ina taya ta cusa gwangwanayen kifi da tamfol a cikin durom da za a sa a jirgin ruwa, rediyo na ta magana, maƙwabta biyu da jikanta suna wurin. Sai ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru. Ana karanta sunayen waɗanda za su wakilci ƙasar a gasar Olamfik a Faris. Tun da guguwar nan ta wuce ban ga haƙoranta ba sai ranar. Ta juyo ta ce mini, "Dakta, yaranmu shida za su tafi."

Sai na yi dariya.

Wallahi ba dariyar mugunta ba ce, irin ta majalisar mai shayi ce, wadda za a yi maka ka rama a tashi lafiya. Na ce shida? Mu tamanin da takwas za mu tura. Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa mutanen Girenada kakaf, dubu ɗari da 'yan kai, ba su kai na unguwar Rigasa ba, in aka zuba su a Kaduna ranar kasuwa babu wanda zai san an yi baƙi. Na jira a yi dariya. Rediyo kaɗai ke magana. Mama ta ninke tamfol ɗin da ke hannunta a hankali, ta daidaita bakinsa, ta sa a durom. Ta ce, "Tamanin da takwas. Madalla." Ta shige ciki.

Jikan nata, yaro ɗan shekara sha biyar, shi ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce ko na san yadda ake samun gurbi? Ba gwamnati ke rubuta sunan wanda take so ba. A tseren mita 400 sai ka yi shi cikin sakan 45 ko ƙasa da haka, a jifan mashi sai ka kai mita 85.50, a gasar wasanni goma kuma sai ka tara maki 8,460, in ba haka ba sai dai matsayinka a jerin gwanayen duniya ya cece ka. Ya ce Kirani James, wanda aka sa wa filin wasan nan sunansa, da Anderson Peters da Lindon Victor ba alfarma aka yi musu ba. Peters sau biyu yana zama zakaran duniya a jifan mashi, a 2019 da 2022. Victor, mai wasanni goma, ya ɗauki tagulla a gasar duniya ta Budafes a 2023. Kirani kuwa yana da shekara 19 ya ci zinare a tseren mita 400 a Olamfik ta Landan a 2012, ya ƙara da azurfa a Riyo, da tagulla a Tokiyo, kuma ɗan Guwab ne, garin masunta, inda ake soya kifi a titi duk daren Juma'a. Sauran ukun, 'yar tsere ɗaya da masu ninƙaya biyu, su ma ya jero mini sunayensu. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko zan iya faɗa masa sunayen mutum goma daga cikin tamanin da takwas ɗin nawa. Na kawo Tobi Amusan da Ese Brume, na tsaya ina sosa ƙeya.

Magana zarar bunu. Washegari ba mangwaro a bakin ƙofa. Tana amsa gaisuwata, amma irin amsar da ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta. A garin da ba ka da kowa, rashin wannan mangwaron ya fi rashin albashi ciwo. Akwai daren da na zauna a ɗaki ina jin takunta a sama, na kira matata don in ba ta labari, sai na tarar ƙarfe biyun dare ne a Kaduna, na kashe.

Ranar Asabar 3 ga Agusta, wajen la'asar, sai na ji unguwa ta ɗauki ihu, ana buga tukwane, motoci na ta oda. Victor ya ci tagulla da maki 8,711. A ranar ce kuma Julien Alfred ta Sant Lushiya ta lashe tseren mita 100, Thea LaFond ta Dominika ta ci zinare a tsallen taku uku, kowaccensu lambar farko ke nan a tarihin ƙasarta. Mutanen nan suka haɗa duka suka mai da nasu. Mu kuwa labarin da ke yawo a wayoyinmu shi ne na Favour Ofili, wadda ta cika sharaɗin tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba. Ta samu gurbi da ƙafarta, aka zubar mata da shi a kan tebur. Ranar Litinin ina shiga bas kwandasta ya ce, "Tamanin-da-takwas, nawa kuka samu?" Bas ya kwashe da dariya. Ashe labarin ya gama gari. Ƙasar da kowa ya san kowa, ina za ka ɓuya?

A cikin kwanakin nan hankalina rabi yana gida. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke tun 1 ga wata, ranar 5 aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Autanmu Keke Napep yake ja, kuma ranar da bai fita ba ranar ba a ɗora tukunya a ɗakinsa.

Ranar Laraba 7 ga Agusta jikan Mama ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce tana kira. Na hau gabana na faɗuwa. Falo cike, an bar mini kujera ɗaya a gaban talabijin. Ta ce, "Zauna, akwai naka a ciki." Wasan ƙarshe ne na mita 400, ga Kirani, ga kuma wani yaro cikin kore da fari, Samuel Ogazi, ɗan shekara 18. Tun Innocent Egbunike a 1988 babu ɗan Najeriya namiji da ya kai wannan matakin a wannan tseren. Kuma ɗan Kaduna ne. Ni da na fito daga Kaduna, a bakin jikan Mama na fara jin haka, har da ƙarin cewa a Jami'ar Alabama yake karatu, inda Kirani ya yi. Kunya kan kunya.

Aka harba bindiga. Ban san lokacin da na miƙe ba, ina ta "Yi wuta, yaro, yi wuta!" da Hausa, a falon mutane. Quincy Hall na Amurka ya ci. Kirani ya zo na biyar da sakan 43.87, wanda ya fi lokacin da ya ba shi zinare shekara goma sha biyu baya, amma bai isa ko tagulla ba. Ogazi na bakwai. Falon ya yi tsit. Sai Mama ta dafa hannuna ta ce yaronku yana da gaba, ku riƙe shi da kyau. Washegari Peters ya jefa mashi mita 88.54 ya kawo musu tagulla ta biyu. Mutum shida, lamba biyu. Mu aka rufe gasa ranar 11 ga wata ba ko ɗaya, duk da 'yan matanmu na ƙwallon kwando sun kai zagayen 'yan takwas, kuma wannan na riƙe shi gam ina faɗa wa duk wanda ya tsokane ni.

"Ku riƙe shi da kyau" ɗin nan ce ta hana ni barci, don ba Ogazi na tuna ba. Autanmu na tuna.

Yana sakandare babu mai shan gabansa a mita 400. Ba takalmi yake gudu, sai daga baya malamin wasanninsu ya ba shi wani tsohon takalmi mai ƙusoshi, ya fi ƙarfin ƙafarsa, yana cusa tsumma a gaba. Da asuba yake tafiya filin wasa na Ahmadu Bello a ƙafa, ya dawo ya yi wanka ya tafi makaranta. Wata rana malamin ya zo har zaure da takarda, ya ce ana son yaron a sansanin horo na jiha, kuɗin mota da na abinci kawai ake buƙata. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya ce shi a saninsa ɓarawo ne ke gudu, sai wanda kare ya biyo. Amma bai yanke ba. Ya ce a jira Babangida, shi ne mai boko. Ina aji biyar a makarantar likitanci lokacin, kaina ya yi girma. Na ce gajeren wando ba sana'a ba ne, ya zauna ya yi karatu. Kuɗin da ake magana a kansu ina da su a aljihu. Auta yana tsaye a bakin ƙofa, bai ce komai ba sai to Yaya. Karatun bai yiwu ba, gudun ma ya tafi. Takalmin ya daɗe a rataye a bayan ƙyaure har Hajiya ta ba masu gwangwan.

Daren tseren na kira shi, don na san bai kwanta ba. Ya ce ya kalla a wayar maƙwabci, ba wuta, caji saura kaɗan. Na ce yaya ka gani? Sai muryarsa ta canza, irin wadda rabona da ji tun yana yaro. Ya ce, "Yaya, wannan tseren a kwana ta biyu ake cin sa ko a rasa shi. Daga nan ƙafa ba taka ba ce, kamar an ɗaura maka buhun siminti. Wanda ya ci ɗin nan ka ga yadda ya washe haƙora? Ba ƙarfi ba ne ya rage masa, taurin kai ne." Ya yi ta bayani, yadda ake raba numfashi, yadda ake sakin kafaɗa, kusan minti goma, ina riƙe da waya ina kallon fitilun jiragen ruwa. Na buɗe baki in ce masa ya yafe mini. A gidanmu babba ba ya faɗin haka ga ƙaninsa, kuma da na faɗa shi zai fi ni jin kunya. Sai na ce ɗan nasa, mai sunan Baba, yana da gudu? Ya yi dariya ya ce kamar zomo, uwarsa ba ta iya kama shi in za a yi masa wanka. Sannan ya ce, "Yaya, in da hali a taimaka da na masara, kwana uku ban fita ba." Na tura masa kafin in kwanta.

Da safe na tarar da mangwaro uku a bakin ƙofa, da 'yar takarda a ƙarƙashinsu da rubutun malaman firamare, mai tsabta: kuɗin wutar wannan watan ya ƙaru, in zo mu yi lissafi. A saman takardar, inda ake rubuta suna, ta sa 88.