Abin da uwayen yara suka koya mini a ɗakin gashin ƙashi

Aikina gashin ƙashi ne a wani asibiti a cikin garin Katsina, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini yara ne: wanda ya shekara biyu bai riƙe wuya ba, wanda jikinsa ke sandarewa, wanda har yau bai furta kalma ɗaya ba. A makaranta an koya mana jijiya da gaɓa. Yadda iyali ke rayuwa da irin wannan yaro kuwa, a bakin uwayensu na ji shi.

Rabin awar da nake yi da yaro ba ita ke zaunar da shi ba. Motsa gaɓoɓi aikin kullum ne, safe da yamma, kuma uwa ce mai yin sa. Shi ya sa nakan ce ta sauko tabarma ta yi da hannunta, ni ina gyara mata. Ciyarwa ma haka. Da yawa sukan kwantar da yaro a cinya su ɗura masa kunu, ya riƙa ƙwarewa, abincin ya bi ta huhu, bayan kwana biyu ga zazzaɓi da tari. Sai mu zaunar da shi a cikin bahon roba, a tokare shi da matashi ta baya da gefe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, a ba shi rabin cokali, a jira ya haɗiye. Kafintan unguwa yana iya ƙera masa kujera mai jingina in an zana masa.

Uwar da ta daina zuwa ba gajiya da ɗanta ta yi ba. Daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, ga kuɗin mota, ga goyon yaro ɗan shekara shida a baya, ga ƙannensa ba mai riƙe mata su. A gida kuma akwai masu cewa ɗan ruwa ne, ko su ce daga dangin uwa aka kwaso. Na ga auren da wannan magana ta kashe. Gidan da uba ya zo ko sau ɗaya ya ji bayani da kunnensa, yaron ba ya cika fashin zuwa, domin shi zai je ya faɗa wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa.

Babban taimakon da na gani, a kan bencin jira yake faruwa. Wata sabuwar zuwa tana ta hawaye, wata da ta daɗe tana kawo nata ta matso ta karɓi yaron ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki. Nawa sai da ya shekara huɗu ya zauna, ga shi can yana jan gindi." Duk bayanin da zan yi bai kai wannan shiga zuciya ba. Daga nan suka fara adashen kuɗin mota, kuma kujerar da yaron wata ya girme ta sai ta koma gidan wata. Tun daga lokacin nake haɗa ranar sababbi da ta tsofaffi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon shawara na jarirai. Jariri ya yi rawaya a kwanakin farko, a ce a bari sai bayan suna, a shanya shi a hantsi, ga kafur a cikin kayansa, wanda ke fasa jinin wasu jarirai. Kafin kwana bakwai shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa da ji, alhali a asibiti akwai fitila mai shuɗin haske da ke sauke ta. Doguwar naƙuda a gida, sanƙarau da ƙyanda su ma suna barin irin wannan tabo. Ungozoma da kaka ya kamata su fara sanin haka.

Sai tambayar da kowace uwa ke yi a ƙarshe: "Likita, wace makaranta zan kai shi?" Jihar tana da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi. Yaron da matsalarsa ta ƙwaƙwalwa ce ko ta gaɓoɓi, sau da yawa a ɗaki yake ƙarewa. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, kuma iyaye ƙalilan ne suka san da ita, don haka nakan karanta musu ita da Hausa.

Inda na ga an dace, mai unguwa ne ya raka uba wajen shugaban firamare ko malamin Islamiyya, aka yarda yaron ya zauna a layin gaba kusa da yayarsa, aka cike matakalar ƙofar aji da siminti don keken guragu ya wuce. Kuɗin simintin kuma a masallacin unguwa aka tara shi bayan sallar Isha'i.