Wasiƙa daga Glasgow: waƙar da ta taka birki a tsakiya kuma ta ci kasuwa

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan kowa yana lafiya, ya aiki ya iyali ya kuma haƙuri da rayuwa. Mu nan Glasgow Alhamdulillahi, ruwan sama ne dai ba dare ba rana ga sanyi, amma lafiya lau muke.

Yau kan wata waƙa nake so mu yi hira, na san wasu za su ce ina ruwanmu da kiɗan Turawa, to ku ɗan ara min kunne, musamman ku ƙannena masu kwana a sitidiyo. Sunan waƙar Take Me Out, ta wasu samari huɗu ce na garin nan masu suna Franz Ferdinand, ta fito ran 12 ga Janairun 2004, kuma har gobe ba za ka yi sati a garin nan ba ka ji ta ba, a tasi ne ko a shago ko a wajen biki. Yaran da ba a haifa ba lokacin da ta fito ma sun haddace ta. Ni abin da ya sa nake sonta shi ne da matsala aka fara ta, matsalar da wani zai ce a yar da waƙar kawai a kama wata, su kuma suka ƙi yarwa.

Bari in fara da mutanen. Mai waƙar Alex Kapranos, babansa ɗan Girka ne, kuma ba yaro ba ne lokacin, shekararsa 31, ya yi wajen shekara goma yana shiga ƙungiyoyin kiɗa yana fita babu wacce ta kai labari, yana aikin kicin a gidajen abinci don ya riƙe kansa. A kicin ɗin ne ma yake aiki tare da Bob Hardy, ɗalibin zane a makarantar zane-zane ta Glasgow, wanda ko riƙe gita bai iya ba, Alex ne ya miƙa masa gitar bes ya koya masa. Nick McCarthy a Jamus ya tashi, a Munich ya karanta kiɗa, sai mai ganga Paul Thomson wanda shi ma ya daɗe yana fama a ƙananan ƙungiyoyin garin. Sunan kuwa na yariman nan ne na Ostiriya da aka harbe a Sarajevo a 1914 har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, amma su a wajen wani dokin sukuwa suka fara tsintar sunan.

Ba su da kuɗin haya, sai suka samu wani tsohon sito da aka yi watsi da shi a kudancin kogin Clyde suka shige, suka raɗa masa suna Chateau, nan suke atisaye nan suke tara jama'a, masu zane su rataye aikinsu a bango su kuma su yi kiɗa, har 'yan sanda suka zo suka tashe su. Kuma tun a lokacin sun faɗi abin da suke so ƙarara, wai kiɗan da 'yan mata za su taka. Wannan magana tana da dalili fa, domin wuraren kiɗan gita a lokacin duk maza ne a tsaye sun harɗe hannu suna gyaɗa kai, masu son rawa kuwa sun koma wajen masu kiɗan na'ura. Su suna so ne su dawo da rawa cikin gita, kamar yadda magabatansu na garin irin su Orange Juice suka gwada a farkon shekarun 1980.

To ga matsalar. Da Alex da Nick suka haɗa waƙar, sai ya zama baitocin suna son gudu, amshin kuma ba ya daɗi sai an sassauta. In suka buga duka da sauri amshi ya lalace, in suka buga duka a hankali baitoci su mutu. A ƙa'idar waƙar rediyo kuwa baiti ne, amshi, baiti, amshi, duk a kan gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Sai suka ce to shi kenan, a kwaso baitocin nan gaba ɗaya a zube su a farko a yi su da gudunsu, in an gama sai kowa ya taka birki tare a shiga amshi, kuma kar a sake komawa baya. Haka aka yi. Kafin a cika minti ɗaya za ka ji kiɗan yana ja da baya, yana nauyi, ganga da gitoci suna dukan wuri ɗaya dam, dam, dam, har ka zaci na'urar ce za ta tsaya, sai kawai wani salon gita ya faɗo, kuma daga nan wata waƙa ce daban har ƙarshen minti huɗun.

Wallahi wannan 'yan daƙiƙun su ne waƙar. Wanda ya taɓa tsayawa a gidan biki ya ga mai kalangu ya lura fili ya cika sai ya sassauta hannu don a taka da yanga, ya san abin da nake nufi. Jiki yana jin ana shirya masa wani abu, ƙafa tana jira, shi ya sa da salon gitar ya shigo sai ka ga ɗaki gaba ɗaya ya tashi sama lokaci guda. Kuma a dandali babu na'urar da za ta yi musu wannan, mutum huɗu ne dole kowa ya kasa kunne ga ɗan uwansa, in mai ganga ya riga su da ƙiris komai ya watse.

Maganar da ke cikin waƙar ba ta da yawa. Mutum biyu ne a wajen taro kowa ya ga kowa, kowa yana so, amma an rasa mai fara motsi. Alex ya ce wani fim ne na yaƙin Stalingrad ya ba shi hoton, inda gwanayen harbi biyu ke kwance a ɓoye kowa na jiran ɗaya ya motsa. Ya kuma ce yadda murya ke faɗa gita ta amsa, daga tsohon mawaƙin nan baƙar fata na Amurka Howlin' Wolf suka koyo. Wannan ya burge ni, don ba kowa ke faɗin inda ya ɗebo ba.

A 2003 suka sa hannu da Domino, wani ƙaramin kamfanin faifai na Landan da Laurence Bell ya kafa a 1993. Waƙarsu ta farko a lamba 44 ta tsaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Albam ɗinsu na farko, wanda Take Me Out ke ciki, a birnin Malmö na Suwidin suka ɗauke shi wajen furodusa Tore Johansson, kuma in ka saurara za ka ji sautin a bushe yake, babu ado babu cikowa, kowane kayan kiɗa ana jin sa shi kaɗai. Da Take Me Out ta fito sai ga ta a lamba 3, kakarsu ta yanke saƙa. Bidiyon da Jonas Odell ya yi musu, mai kama da an yayyanka tsofaffin takardu da zanen injina an manna, ya ci kyautar MTV a shekarar. Masu sauraron rediyon Triple J a Ostareliya suka zaɓe ta waƙar shekara, albam ɗin ya ci kyautar Mercury ta 2004, wadda ake ba albam mafi fice a Birtaniya da Ireland, ya kuma sayar da sama da kwafi miliyan 3, a 2005 suka ɗauki kyautar Brit guda biyu.

Abin da ya biyo baya ya fi kyaututtukan muhimmanci a wajena. Na farko, ƙaramin kamfani ya samu kuɗi. Domino ba su taɓa ganin irin wannan kasuwa ba, kuma a 2005 su ne suka ɗauki wasu yara 'yan Sheffield, Arctic Monkeys, waɗanda albam ɗinsu na farko a Janairun 2006 ya sayar da sama da kwafi 360,000 a sati guda. Sai kuma wani labari da ya taɓa mu, Kele Okereke, ɗan Inyamurai ne da aka haifa a Liverpool, shi ne mai waƙar wata ƙungiyar gita mai suna Bloc Party, a 2003 ya je wajen wasan Franz Ferdinand ya miƙa wa Alex faifan gwajinsu ya kuma miƙa wa Steve Lamacq na rediyon BBC, Lamacq ya sa a shirinsa, zuwa 2005 su ma sun zama manya. Ɗan asalin Najeriya a gaban ƙungiyar gita a lokacin da kusan duk fuskokin farare ne, ni dai ina jin daɗin wannan har raina.

Amma fa akwai ɓarna. Da manyan kamfanoni suka ga abin ya karɓu sai suka yi caa, duk yaro mai matsattsen wando da gita aka ba shi kwantiragi, rediyo ya cika da waƙoƙi masu kama da juna har mutane suka gundura, kafin 2010 kasuwar ta faɗi. Sun kwaikwayi sautin gitar, sun kwaikwayi ɗinkin kayan, amma ban ji wanda ya yi ƙarfin halin tsayar da waƙarsa a tsakiya ba. Kuma gaskiya ba komai na duniyar nan nake yabawa ba, yawancin wuraren da ake taka waƙar nan da daddare giya ce ke gudana, wannan ba hanyarmu ba ce, aikin hannun da tunanin da aka zuba ne nake magana a kai.

Shi ya sa na ce da ku nake, masu sitidiyo. Na san yadda aikin yake yanzu, a buɗe kwamfuta a saita gudun kiɗa a lamba ɗaya a ɗora murya, daga farko har ƙarshe ba ya motsi, kuma ina jin waƙoƙin da kuke sakewa, muryoyi masu daɗi wallahi, amma sau da yawa ina jin inda amshi ke neman numfashi an hana shi saboda manhajar ta riga ta yanke hukunci. In waƙarka ta ƙi zama a gudu ɗaya kar ka yi saurin danne ta, ka kira mai ganga na gaske ku zauna ku ga inda take so ta je. Ku nemi waƙar nan a YouTube, ko ba ku jin Turancin ba komai, ku saurari minti ɗaya da rabi na farko kawai da abin kunne mai kyau.

Su kansu mutanen yanzu an canza, Nick ya bar su a 2016, Paul ya ajiye a 2021 ya miƙa sandunan ganga ga wata 'yar garin nan Audrey Tait, Alex da Bob dai suna nan suna yawon wasa. In wani cikinku ya gwada taka birkin nan a waƙarsa don Allah ya turo min in ji.

A gaida mutan gida, a gaida iyaye da yara. Wassalam.

Naku a Glasgow