Abin da na koya a sashen kula da iska na majalisar birni

A watan jiya na ajiye aiki a sashen muhalli na wata majalisar birni a Ingila, kuma ina so wanda zai gaje ni ya san inda ƙaya take. Doka ta ce iskar nitrogen dioxide, wadda galibi daga salansar motoci take fitowa, kada matsakaicinta na shekara ya wuce maikurogiram 40 a kowace kubik mita. Tun 2010 ya kamata a cika wannan sharaɗi. Ba a cika ba, har ƙungiyar lauyoyin kare muhalli ta ClientEarth ta maka gwamnati a Kotun Ƙoli ta yi nasara a 2015, daga nan aka taso birane a gaba.

Muna da 'yan bututun gwaji da ake ɗaurewa a jikin fitilun titi, a canza su duk wata a kai ɗakin gwaji. Ɗaya yana bakin wata makarantar firamare, a unguwar talakawa da baƙin haure, inda bas-bas da manyan motoci ke yin layi safe da yamma. Shekara da shekaru yana haura 40. Da kullen korona ya zo a 2020 tituna suka zama fayau, sai ya faɗo ƙasa, kamar yadda aka gani a birane da yawa.

Shugaban sashenmu ya ɗauki wannan sakamako ya sa a rahoton da za a gabatar wa kansiloli a matsayin nasarar shirinmu, ya kuma ba da shawarar a cire bututun don rage kashe kuɗi. Na rubuta masa cewa kulle ne ya kawo saukar, kuma motoci za su dawo. Ya goge sakin layin, ya cire sunana daga masu halartar zaman, sannan ya mayar da ni teburin karɓar ƙorafin hayaƙin maƙwabta. A gaban ma'aikata ya ce ba na son ci gaban sashen. Motoci suka dawo, bututu babu, don haka a takarda titin ya warke. Shi kuma aka ƙara masa girma.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda a watan Disamba na 2020 ne mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma da ta rasu a 2013, wadda gidansu ke kusa da babban titin South Circular. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da nata ma'aunin zuwa 10. Wato ko mun tsaya a 39, yaran makarantar nan ba iska mai kyau suke shaƙa ba. Wallahi ban taɓa jin shugaban nan ya ambaci yara a wani zama ba, lamba kawai yake ambata.

Iyayen ne suka dawo da bututun. Wata uwa ta bugo waya tana tambayar inda ya tafi, na gaya mata cewa dokar samun bayanan muhalli ta 2004 ta ba ta ikon neman tsofaffin sakamakon a rubuce. Suka nema, suka kai wa kansilansu, aka maida shi. Ban karya doka ba, kuma har gobe ina alfahari da wannan amsar waya.

Sauran darussan gajeru ne. Duk gargaɗin da za ka yi, yi shi ta imel, ka ajiye kwafi. Motar lantarki ba ta hayaƙi, amma tayoyi da birki suna fitar da ƙura mai shiga huhu, haka ma murhun itacen da masu hali ke sawa a falo.

Sai direbobin tasi. Birmingham ta fara karɓar fam 8 a rana daga tsofaffin motoci a watan Yunin 2021, kuma motar dizal sai ta kai matakin Euro 6 na ma'aunin hayaƙin mota na Turai take tsira. Mai kuɗi ya canza mota ya huta, direban da ke biyan bashin tsohuwa shi ke ɗaukar nauyin. Kada ka jira su zo zauren majalisa da rana, lokacin suna kan hanya. Ka je tasharsu da dare da takardun tallafin sayen mota, ka zauna ku cike tare.