Yadda muka shawo kan amai da gudawa a makarantar kwana

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗakin shan magani na wata makarantar kwana a hannuna yake. Ciwon ciki a wurinmu abin kullum ne: yaro ya zo, a duba shi, ya koma aji. Ɓarkewar cuta kuwa ana gane ta ne idan yara da dama suka zo da alamomi iri ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma wannan ba a riƙe shi da ka, sai an rubuta. Duk wanda ya shigo nakan rubuta sunansa, ajinsa, ɗakin kwanansa, da lokacin da ciwon ya fara masa. Na ƙarshen nan na fi matsa wa, don yaro kan kwana da ciwo kafin ya zo, kuma lokacin farawar ne ke nuna inda ya kwaso shi.

Wannan littafi ne ya fisshe mu da amai da gudawa suka ɓarke a tsakiyar zangon karatu. Kowa ya ɗora laifin a kan kicin, har an fara maganar sallamar masu girki. Da na jera sunayen, sai na ga kusan duk marasa lafiyar daga ɗakunan kwana biyu suke, masu maƙwabtaka da juna. Makarantar gaba ɗaya tukunya ɗaya take ci, to da abinci ne ai da ciwon ya watsu ko'ina. Abin da ya haɗa ɗakunan nan biyu tankin ruwa ne. Dabarar tsohuwa ce: a 1854 likita John Snow ya bi gidajen waɗanda kwalara ta kashe a wata unguwar Landan, ya ga sun kewaye famfon titin Broad, aka cire hannun famfon.

Ranar muka rufe tankin, muka sanar da hukumar lafiya, suka ɗebi ruwan da bayan gidan yaran don gwaji. Daga baya aka tarar bututun ya tsage a kusa da ramin masai. Kafin a gyara, ruwan sha sai an tafasa shi, ko a zuba kulorin a bar shi minti 30.

A jinyar, abin tsoro shi ne bushewar jiki. Ruwan gishiri da sukari muka yi ta bayarwa, kurɓi kaɗan-kaɗan, ko da yaro na amai. Da na leda ya ƙare muka haɗa da kanmu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ba tare da an cika cokalin ya yi tozo ba. Wanda idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke masa, ko aka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, asibiti kai tsaye a ɗaura masa ruwa.

Rufe tanki bai gama aikin ba, domin cutar ta riga ta koma bin hannu. Muka ware wa marasa lafiya ɗaki da banɗakinsu, aka riƙa wanke shi da bilic, kuma babu mai komawa cikin jama'a sai ya yi awa 48 ba amai ba gudawa. Dokar nan ta hau malamai da masu girki ma. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 muka dage a kai, saboda man tsabtace hannu mai sinadarin barasa ba ya tasiri sosai a kan wasu ƙwayoyin cutar gudawa irin su norobairos.

Abin da ya fi ba ni wahala yaran da ke ɓoye ciwo ne. Wata kunya take ji a ce tana zawo, wani jarrabawa yake gudun rasawa, wani kuma gani yake ɗakin killacewa horo ne. Yaro ɗaya da ya ɓoye ya isa ya warware aikin kowa. Na samu shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, muddin yaro yana ganin kwanciya za ta ci masa maki, ba zai zo wurina ba." Ya amince aka yi shela cewa duk wanda ya kwanta za a sake masa jarrabawa. Washegari waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba suka fito.

Sai iyaye. Wasu sun zo a fusace za su tafi da 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Ra'ayina dai shi ne a gaya musu gaskiya tun kafin jita-jita ta isa gare su: me ya faru, me aka gano, me ake yi. Watsa ɗalibai gida ba tare da shawarar jami'an lafiya ba kai cutar ne gidajen da ke da jarirai da tsofaffi. Wanda ya nace, mun rubuta masa alamomin da zai lura da su.

Da ƙura ta lafa na koma kan katin rigakafi, don akwai cututtukan da littafina ba zai cim musu ba. Mai ƙyanda yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan fitarsa, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi kusan 9 za su kamu. Sai kashi 95 cikin ɗari na jama'a sun samu allurar rigakafi sau biyu ake toshe mata hanya. Sanƙarau kuwa ba a jiran yaro na biyu ya kamu: zazzaɓi da sanƙarewar wuya a yaro ɗaya, a kai shi asibiti nan take, a kuma nemi maganin kariya ga abokan kwanansa. Yanzu duk sabon ɗalibi da katinsa yake zuwa, wanda bai cika ba mu haɗa shi da masu rigakafi tun makon farko.