Gwajin Huhun Yaran Asiya: Da Wane Ma'auni Ake Karanta Sakamako?

Lita biyu na iska ba ta da ma'ana ita kaɗai. A wurin yarinya 'yar shekara goma tana iya zama lafiya lau, a wurin dogon saurayi ɗan shekara sha bakwai kuwa alamar matsala ce babba. Shi ya sa duk mai neman lamba ɗaya da za a ce ita ce ta huhu mai lafiya ga yaran Asiya ba zai same ta ba. Abin da ake da shi lissafi ne, wanda ake zuba masa shekaru da tsayi da jinsi, ya fitar da abin da ake sa ran yaro irin wannan zai hura.

Na'urar sifirometa, wadda ake hura wa iska don gwada huhu, abu biyu take aunawa da suka fi muhimmanci. FVC shi ne dukkan iskar da yaro ya fitar bayan ya cika ƙirji taf. FEV1 kuwa ita ce wadda ta fita a daƙiƙar farko. Idan aka raba FEV1 da FVC, sai a ga ko hanyoyin iska sun tsuke, kamar yadda ake samu a ciwon asma.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na GLI, wata haɗakar masana huhu ta duniya, da aka fitar a 2012, daga gwajin mutum fiye da 74,000 masu lafiya, daga shekara 3 zuwa 95. Asiya kashi biyu ya raba ta. Arewa maso Gabas ta ƙunshi Koriya da arewacin Sin, wato abin da ke sama da kogin Huai da duwatsun Qinling. Kudu maso Gabas ta ƙunshi Tailan, Taiwan, Hong Kong da kudancin Sin. Bambancin ba ƙarami ba ne: 'yan Arewa maso Gabas ratarsu da Turawa masu tsayi ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin 100 a FEV1 ba, 'yan Kudu maso Gabas kuwa tasu ta kai wajen kashi 10. Don haka yaron Bangkok da aka auna da lissafin Turawa zai iya fitowa kamar mai ƙaramin huhu alhali lafiyarsa ƙalau.

Babban giɓin yana Kudancin Asiya. Indiya da Pakistan da Bangladesh, duk da yawan yaransu, ba su da rukuninsu a ma'aunin 2012. Wasu asibitocin kan danna rukunin "sauran jama'a", wasu na Kudu maso Gabas, wasu lissafin gida. Binciken da aka yi a Bangalor da kewayenta, aka buga a 2015, ya nuna yaran birni na gidajen masu hali huhunsu ya yi daidai da na yaran Indiyawa mazauna Landan, na ƙauye kuwa ya gaza hakan. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. Idan aka ɗauki ƙauyen da tamowa da hayaƙin murhu suka tauye yara aka mai da shi ma'aunin lafiya, an rufe cutar da ya kamata a gani. Irin wannan damuwa tana cikin abin da ya sa ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawara a 2023 a koma ga lissafin GLI na bai-ɗaya wanda ba ya tambayar ƙabila. Shi ma yana da nasa cikas ga yaran Kudancin Asiya, domin zai sa da yawansu su faɗa ƙasa da iyakar lafiya. A ganina mafita ita ce a rubuta sunan lissafin da aka yi amfani da shi a kan kowace takardar sakamako, kuma kada a sauya shi tsakanin ziyara da ziyara ba tare da an faɗa ba.

Wajen karantawa, a bar tsohuwar al'adar ɗaukar kashi 80 cikin 100 na abin da ake sa rai a matsayin iyakar lafiya. A duba makin z, wanda ke nuna nisan sakamakon yaro daga matsakaicin irinsa masu lafiya: ƙasa da -1.645 shi ne ƙasa da iyakar lafiya. Haka kuma 0.70 da ake amfani da ita ga manya a FEV1/FVC ba ta yara ba ce. Yaro mai lafiya yakan ba da 0.85 zuwa 0.90, saboda haka mai 0.75 yana iya kasancewa da tsukewa, a sallame shi a ce babu komai.

Kafin duk wannan, sai hurawar ta yi kyau. A gwada na'urar kowace rana da sirinjin lita 3. A auna tsayi ranar gwajin, ba takalmi, kada a karɓi abin da uwa ta faɗa da baki, don santimita biyu sun isa su motsa sakamako. A shigar da ranar haihuwa cikakkiya, domin ɗan shekara 13 da wata ɗaya daban yake da ɗan 13 da wata goma sha ɗaya. Yaro ya zauna a miƙe, a matse hanci, leɓe ya rufe bututun, ya cika ƙirji, ya hura da ƙarfi nan take har iskar ta ƙare. Ana son hurawa uku masu kyau, ba a wuce gwaji takwas. Manyan biyun kada ratarsu ta wuce mililita 150, ga ɗan shekara shida zuwa ƙasa kuwa mililita 100 ko kashi 10 cikin 100 na mafi girmar hurawar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rashin cika ƙirji da tsayawa da wuri. Dukansu suna rage FVC, sai a ɗora wa yaro ƙanƙancewar huhu da ba shi da ita.

Lokacin balaga yana da nasa ruɗin. Ƙafafu ke fara tsawo, ƙirji ya biyo baya, don haka saurayin da ya yi tsiri cikin shekara guda makinsa zai iya ɗan sauka ba tare da wata cuta ba. Idan babu tari, babu shaƙewa, kuma FEV1/FVC tana daidai, a sake auna shi bayan wasu watanni da lissafin da aka fara da shi.