Talata a Jidda: auna hayaniya a mashigar amfilifaya

Tun bayan sallar asuba nake kan da'irar lantarkin nan da ke karɓar ɗan ƙaramin karan ɗin, wato kwararar lantarki, da fotodayod (na'urar gane haske) ke fitarwa idan haske ya sauka a kansa, ta mayar da shi boltej ta hanyar rizista guda (abin da ke taƙaita kwararar lantarki) da ke haɗa mafitar amfilifaya (mai haɓaka sigina) da mashigarta. Abin da nake nema shi ne yawan hayaniyar da'irar, wato kaɗawar lantarki marar tsari da ke rufe sigina, idan aka lissafa ta daga mashiga, domin ita ce ke nuna mafi raunin hasken da na'urar za ta iya ganewa.

Da takarda da biro na fara. Rizista mai megaom 1 a zafin digiri 27 yana ba da hayaniyar zafi, wadda masanin kimiyya Johnson ya auna, takwaransa Nyquist kuma ya bayyana a 1928, kimanin 0.13 pA/√Hz (ma'aunin hayaniyar karan). Daga nan na buɗe LTspice, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki, na rubuta umarnin .noise mai lissafa hayaniya, na zaɓi tushen karan a matsayin mashiga don sakamakon ya fito da amfiya, ma'aunin karan, ba da bolt ba. A ƙananan firikwensi (saurin kaɗawar sigina) layin hayaniyar da manhajar ta zana ya kwanta daidai inda lissafi ya ce.

Wajajen kilohaz 250 ne layin ya fara hawa, kuma nan ne damuwata take. Hayaniyar boltej ta amfilifayar, nanobolt 4 kacal a kowane √Hz, tana faɗawa kan fikofarad 20 (ma'aunin iya riƙe caji) da fotodayod da mashiga suka tara, sai ta rikiɗe ta zama karan da ke ƙaruwa tare da firikwensi. A megahaz 1 ta kai 0.5 pA/√Hz, wato kusan ninki huɗu na abin da rizistan ke bayarwa. Mutane da yawa kan ɗora wa rizista laifi, alhali ƙara girmansa rage hayaniyar karan yake yi. A ganina, wanda bai rage waɗannan fikofarad ba bai taɓa matsalar ba tukuna.

Bayan azahar wani babban injiniya da muke aiki tare, Bahaushe haifaffen Makka, ya leƙo allona ya ce, “Malam, a ina za ka tara jimillar?” Na ce, “Yallaɓai, a mafita.” Ya gyaɗa kai, don ya san tarkon. Manhajar tana samun hayaniyar mashiga ne ta raba ta mafita da ƙarfin haɓakawa a kowane firikwensi, to idan aka wuce iyakar firikwensin da da'irar ke iya ɗauka ƙarfin ya faɗi, sai layin ya yi ta hawa ba tsayawa, duk wanda ya tara shi a can zai sami adadin da ya zarce gaskiya. Na tara hayaniyar mafita har inda ta mutu, sannan na raba jimillar da megaom 1.

Da la'asar na ɗaga zafin zuwa digiri 50, domin a waje na'urar za ta zauna, kuma zafin bazarar garin nan ba wasa ba ne. Hayaniyar rizista ta ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100 kawai. Abin tsoron shi ne karan ɗin da fotodayod ke zubarwa a duhu, wanda kan ninka da kowane ƙarin digiri 10 ko makamancin haka, ya zo da tasa hayaniyar. Ƙara boltej na baya, wato wanda ake ɗora wa fotodayod a juye, yana rage fikofarad ɗin, amma yana ƙara wannan zubar, saboda haka gobe in Allah ya kai mu zan gwada bolt 5 da bolt 10 a wannan zafin kafin in zaɓi ɗaya.